Na Ce Ciwon Ba Zai Koma wa Kaka Ba

Ni ne na yi kuskure. Da wannan zan fara, don kada in yi ta yabon Kaka har in ɓuya a bayan yabon. Ni ne na ce ciwon ƙirjin da ta yi ta warke ba zai ƙara kama ta ba. Na faɗa da ƙarfi a tsakar gida, sannan na ɗauki tabarmata na shiga ɗakinta ina tari. Yau tana makwancinta, ni kuwa ina zaune lafiya lau ina rubutu.

Karatuna bai yi nisa ba. Na bar lekol, wato makarantar boko, tun ina yaro, na koma gonar gyaɗa, da rani kuma in tafi Agadas neman abin kaina. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri. Ba na son a manta da matar nan, kuma ba na son wani ya yi abin da na yi.

Mutuwar tsohuwa ba ta cika girgiza gari ba. Akan ce ta ga jikoki da tattaɓa-kunne, a yi addu'a, a sha fura, a watse. Ta Kaka ba haka ta zo ba. A ƙauyenmu da ke gefen Ollelewa, duk wanda ya shigo zaure sai ya yi gaisuwa, ya zauna, can kuma sai ya karkato ya yi tambaya ƙasa-ƙasa.

"Wai tarin nan ne? Ba ita ce ta tashi daga shi bara ba?"

Ƙawarta ta yarinta, wadda aka ɗauko a amalanken jaki daga Falanko, ta ƙi zama. Ta tsaya a bakin ɗakin tana duban gadon. "Ku daina ce mini tari," in ji ta. "Ta yi shi, ta gama da shi. Ku faɗa mini gaskiyar abin da ya same ta." Liman da kansa, bayan ya shafa fatiha, sai da ya ce wa Baffa, ƙanen mahaifina, shi dai bai taɓa jin ciwo ya saki mutum ya koma ya ɗauke shi ba.

Akwai wani Bafulatani da ya zo daga wajen Belbeji, dogo, gemunsa ya fara furfura. Ya aje ƙwaryar nono, ya durƙusa, ya rufe fuska da rawani. Da ya buɗe sai ya ce, "Ashe ciwo yana iya kama Inna?" Sannan ya tashi ya tafi.

Ina zaune a cikinsu ina amsa gaisuwa. Kowa ya yi tambayar sai in ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, kwana ya ƙare. Amma ba don tawakkali nake faɗa ba, don in rufe bakin mai tambaya ne.

Sai na bayyana dalilin mamakinsu. A garinmu, idan ƙyanda ta shiga gida, ba uwar yaro kaɗai ake bari da jinya ba, musamman in tana goyo ko tana da ciki. Ana kiran wadda kowa ya san ta yi ƙyanda ta tashi, ita ce za ta zauna da yaron. Tun kafin a haife ni Kaka ce ake kira. Ta yi tata tana ƙarama, har ta bar mata fari-fari a idon hagu. Takan nuna idon da yatsa ta ce, "Ni da ƙyanda mun gama shari'a tuntuni. Ga hatimin alƙali." Ta shiga ɗakunan da ba su ƙirguwa, ta rungumi yara jikinsu kamar garwashi, ba ta taɓa fitowa da ko ciwon kai ba. Muka tashi da sanin cewa wanda ya yi ciwo ya warke, shi ne mai jinyar ciwon.

Kaka ba ta tambayar marar lafiya yaya jiki. Ta ce tambayar banza ce, ga jikin nan kowa yana gani. Sai ta zauna ta ce, "Me kake son ci?" In ya ce ba komai, ta ce, "Ba mu dafa ba komai yau ba, zaɓi wani." Haka za ta yi ta jan mutum har ya ambaci kunu ko romo, ta tashi ta yi.

Bafulatanin nan, ita ta yi jinyarsa yana yaro. Uwarsa ta sauka da shi bayan gari, ayarinsu ya wuce ya bar su saboda ƙyandar da ta fito masa. Kaka ta je ta kawo su gida. Baffa yana saurayi a lokacin, ya tsaya a ƙofa ya ce ba za a shigo musu da annoba ba. An ce Kaka ta sauke yaron daga bayanta ta dube shi ta ce, "Gidan nan, kai ka gina ko mijina?" Baffa ya ce mijinta. Ta ce, "To matsa. Ranar da ka gina naka ka sa ƙofar ƙarfe." Ya yi fushi ya koma kwana gidan abokinsa, ita kuma ta ci gaba da aika masa tuwo can, ba ta ce ya dawo ba har ya gaji ya dawo da kansa. Baffa ne ya ba da labarin nan a zaman makoki, yana dariya hawaye na zuba.

Ni kuwa mijinta ne, irin na wasan kaka da jika. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, a ɗakinta na girma. Ba ta kira na da sunana sai in na yi laifi. "Angon banza," take ce mini, "wanda bai taɓa kawo cefane ba." Ni kuma in ce, "Amarya ba haƙori, wa zai saya miki nama?" In ina Agadas na kira waya, sai ta riƙe ta da hannu biyu ta yi ta ɗaga murya har maƙwabta su ji. Goggo, ƙanwar mahaifina da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, takan ce, "Inna, yana jin ki, ki sassauta." Kaka ta ce, "Ke kin san nisan Agadas?"

Sana'arta matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ko da ƙarfinta ya ragu, Goggo ce ke matsa, ita kuma ta zauna gefe tana gyara. Wuta ta yi yawa, ruwan ya yi kaɗan, tunkuzar ba ta saki ba tukuna. Ba ta taɓa yarda cewa wani ya iya ba.

Ciwon farko ya kama ta a lokacin sanyi. Zazzaɓi, tari, numfashi yana fita da ƙyar. Muka kai ta gidan likita a Tanut, aka gwada, aka ce korona ce. Mutane suka fara zuwa yi mana jaje tun tana da rai. Sai ga shi ta tashi. Ranar da za a sallame mu, majo, wato babban mai jinya na wurin, ya zo ya zauna a bakin gadonta. Ni da Goggo muna tsaye.

Ya ce, "Iya, yanzu jininki cike yake da masu gadi. In jiki ya yi faɗa da irin wannan ciwo, yakan ƙera abin da zai gane shi, ya zuba a jini. A makonnin nan na farko suna da yawa ƙwarai, kamar tabkinku a tsakiyar damina. Amma tabki ne, ba rijiya ba. Wata bayan wata yana ja baya, kuma a jikin tsofaffi ya fi saurin ja. Ciwon ma yakan sauya kama. In watanni sun ɗan wuce, a yi miki allura, a ƙara wa tabkin ruwa. Mai tari kuma kada ya kwana ɗakinki."

Kaka ta ce, "Yaro, ni da na sha tabki har ya zama taɓo, kai za ka koya mini tabki?"

Majo ya yi dariya, mu ma muka yi. Ba zan ce ban ji ba. Ina tsaye, na ji farko na ji ƙarshe. Na riƙe cewa jininta cike yake, sauran na bar shi a Tanut.

A gari kuwa ta zama abin kallo. Wadda ƙyanda ta kasa, yanzu korona ma ta kasa. Ni na fi kowa yaɗa wannan magana, a kasuwa, a bakin masallaci, ina alfahari kamar ni na warkar da ita.

Bayan damina ta sauka, masu allurar rigakafi suka zo suka zauna ƙarƙashin bishiya a ƙofar maigari. Goggo ta ɗaura zane ta ɗauko wa Kaka sandarta. Na tare su a zaure.

"Ina zuwa?"

"Allurar da majo ya ce."

"Allura ta waɗanda ba su yi ciwon ba ce. Ita ta yi na gaske, me ruwan kwalba zai ƙara mata? Ku bar tsohuwa ta huta, hannunta duk ƙashi ne."

Kaka da ma ba ta son allura. Ta ce, "Kin ji maigidana ya hana ni fita. Mace ba ta saɓa wa miji." Ta juya ta koma ciki tana dariya. Goggo ta tsaya da sandar a hannu, ta dube ni.

Muka yi girbi, na tafi Agadas, sanyi ya sake zagayowa. Ina can aka kira ni cewa matata ta haihu, namiji. Na hau bayan babbar mota cikin mutane, rabinsu suna tari. Kafin mu iso Tanut maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi, da na sauka gida jikina ya ɗau zafi.

Ban shiga ɗakin mai jego ba. Wannan kam na yi tunani. Na leƙa jaririn daga bakin ƙofa, na ja baya. Na ɗauko tabarmata da bargo na nufi ɗakin Kaka. Goggo tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta miƙe.

"Ina za ka da tabarmar nan?"

"Ɗakin amaryata."

"Da wannan tarin? Ga ƙaramin ɗakin zaure can, na share shi tun da na ji muryarka a waya kana hanya. Ka kwanta can, zan riƙa aje maka abinci a bakin ƙofa."

"Goggo, ni kare ne da za a aje mini abinci a ƙofa?"

"Kai ɗana ne. Ita kuma uwata ce. Majo ya ce mai tari kada ya kwana ɗakinta."

"Kin taɓa ganin wanda ya yi ƙyanda sau biyu?"

"Ya ce wannan ba irin ƙyanda ba ce. Ya ce yana ja baya. Shekara fa ta zagayo, kuma ba a yi allurar ba."

Sai na faɗi maganar da har yanzu in na tuna nake jin kunya. Na ce, "Majo ya ce, majo ya ce. Ke da ko harafi ɗaya ba ki sani ba, yau kin zama likita?" Na faɗa a gaban matan da suka zo barka. Ita da ta goya ni.

Daga cikin ɗaki Kaka ta ce, "Ku bar mini mijina ya shigo. Sau ɗaya a rayuwa ya kawo mini tsaraba daga Agadas, ko tari ne ina so."

Matan suka yi dariya, na ɗaga asabari na shiga.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don jariri na yi. Ba gaskiya ba ne duka. Ɗakin zaure ma zai tsare jaririn. Amma can akwai sanyi, kuma babu mai tambaya ta me nake son ci. Ina son hannun Kaka a goshina kamar lokacin da nake yaro. Magidanci da ɗa, na zaɓi a lallashe ni.

Ta kuwa lallashe ni. Ta toshe taga da tsumma don kada iska ta shigo, ta shafa mini man gyaɗa mai ɗumi a ƙirji, ta dama kunun kanwa da citta ta riƙe mini ƙwaryar. In na yi tari ita ke ɗago kaina. Kafin ranar suna na miƙe, har ni na kama wa mahauci ragon.

A wurin sunan ne na ga ta zauna jingine da bango, an aje mata nama ba ta taɓa ba. Na ce, "Amarya, yau ga cefane na kawo, kin ƙi ci." Ta buɗe baki za ta rama, sai tari ya riga ta. Ban taɓa ganin an jefa wa Kaka magana ta kasa mayarwa ba sai ran nan. Duk da haka na ce gajiyar biki ce. Da gari ya waye leɓɓanta sun sauya launi.

Muka samu mota zuwa Tanut. Majon nan dai muka tarar. Ya sa mata abin shaƙar iska, ya saurari ƙirjinta, ya juyo.

"An yi mata allurar?"

Na sunkuyar da kai. Ina jira Goggo ta nuna ni. Sai na ji ta ce, "Ba a samu dama ba."

"Akwai mai tari a gidan?"

"Garin duk tari ake yi," in ji ta.

Na bi shi waje na ce, "Majo, ai ta yi shi. A nan ta yi shi, kai ka sallame ta."

Ya ce, "Ta yi. Jikin ma bai manta da shi gaba ɗaya ba. Amma masu gadin da ke cikin jinin sun ragu sosai, kuma kafin jikin tsohuwa ya ƙera sababbi, ciwon ya riga ya sauka huhu. Ƙyanda daban take, ita in an yi an gama. Cututtukan mura da na numfashi ba su cika yin haka ba. Ban ce maka allura tana hana mutuwa ba, rai na Allah ne. Amma da ta taimaka mata a faɗan."

Da na koma ciki Kaka ta buɗe ido, ta janye abin iskar kaɗan.

"Angon banza. Ka warke?"

"Na warke, Kaka."

"Jaririn fa?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To madalla."

Ta mayar da abin da kanta. Washegari da hantsi ta cika, hannunta cikin na Goggo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga ranar suna zuwa ranar jana'iza, naman ragon ma bai ƙare a gidan ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a zaman makokin shi ne, duk wanda ya yi mamaki, irin tunanina yake yi. Da su ne a matsayina, da yawa za su ɗauki tabarma su shiga ɗakin. Shi ya sa nake rubutawa. In tsohonku ya yi ciwon ƙirji ya tashi, ku gode wa Allah, amma kada ku mai da shi mai jinyar masu tari. Al'adarmu ta yi daidai a kan ƙyanda. Ni ne na ɗauke ta na ɗora a kan ciwon da ba nata ba, bayan an faɗa mini a gaban idona.

Goggo ba ta gaya wa kowa ba. Ko Baffa bai sani ba sai in ya ji an karanta wannan. Ta ci gaba da aiko mini da tuwo, ta yi wa matata wankan jego, ta goyi yaron. Amma in na gaishe ta sai ta amsa ba ta dube ni ba, kuma ta daina kira na ɗana. Na yi ta zagaye. In tashi da niyya, in iso bakin ɗakinta, in tambaye ta ko akwai ruwan zafi. Har aka yi sadakar arba'in ban iya ba.

Wata safiya na ji ƙanshin soyayyar gyaɗa, karo na farko tun rasuwar. Na fito na tarar da ita a tsakar gida tana matsar mai ita kaɗai. Kujerar Kaka tana gefe inda take zama, ba kowa a kai. Na tsaya. Goggo ta zuba ruwan zafi a tunkuza, ta dakata kamar mai jiran a ce ya yi kaɗan, sannan ta ci gaba.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ranar da ka shiga ɗakinta, na same ta a bayan ɗaki na ce, Inna, kin fa ji abin da majo ya faɗa. Ta ce, na ji, idona ne ya lalace ba kunnena ba. Na ce to ki kore shi. Ta ce, yaron nan in ba shi da lafiya ba ya iya zama shi kaɗai. In na kore shi, ba zai kai gobe a zaure ba, ɗakin mai jego zai koma. Ta ce gara ni."

Ashe ta sani. Ashe ba ciwon ta raina ba, halina ta sani.

Na cire takalmi, na durƙusa a gaban turmin, a wurin da na tsaya na ci mutuncinta. Matata tana bakin ƙofa da yaron, ban ce ta koma ciki ba.

Na ce, "Goggo, kin faɗa mini a zaure na ƙi ji. Kin faɗa mini a nan na zage ki a gaban mutane. Kin rufa mini asiri a gaban majo, ni kuma na yi shiru na bar ki da shi. Ke ce mai gaskiya, ni ne na kai wa uwarki ciwon har gadonta. Ita ba zan iya roƙon ta ba sai dai in yi mata addu'a, Allah ya jiƙanta ya sa jinyar da ta yi wa ƴaƴan mutane ta tsaya mata. Ke kuwa kina raye. Don Allah, Goggo, ki yafe mini."